Fim ɗin mayu mai tambarin PG: me harufan ke nufi a gidajen Zango?

Dogon hutun makaranta idan ya zo, gidajen haya na Nima da Maamobi a Accra sukan ɗauki kama ɗaya. Rana na yin sanyi yara sun taru a baranda, waya na hannun babbansu, kawuna biyar ko shida sun rufu a kanta. A irin wannan zama ne wata kaka da ke tsintar shinkafa a gefe ta leƙa, ta ga mata cike da wani zaure sun garƙame ƙofa, suna zare safar hannu, suna tuɓe gashin kansu ɗungurungum, kai tal kamar bayan ƙwarya, shugabarsu kuwa baki ya tsage har kunne. Ta dire faranti ta ce, "Kai, mene ne wannan kuke kallo?" Jikan ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Kaka, na yara ne fa. Ga shi nan an rubuta PG." Ta ce, "Kurwata kur," ta yi tofi, ta koma kan shinkafarta. Ba ta hana su ba, ba ta kuma gamsu ba.

Wannan 'yar muhawara ta baranda ita ake yi da babbar murya a majalisun ataya, a ƙofar makarantun Islamiyya, da cikin saƙonnin murya da iyaye mata ke tura wa juna a WhatsApp. Fim ne da aka ciro daga littafin yara, babban kamfani ya yi shi domin iyali, amma abin da ke cikinsa mayu ne masu farautar yara. Ga kuma doka a Ghana da ta ce kada a nuna wa jama'a fim sai an tantance shi an sa masa tambari. To wa ya sa tambarin da yaron ya nuna, da wane ma'auni ya auna, kuma wane nauyi ya sauke wa iyaye?

## Littafi ɗaya, fim biyu

Sunan fim ɗin The Witches, wato Mayu. Littafin da aka ciro shi ya fito a 1983, marubucinsa Roald Dahl, ɗan Birtaniya da iyayensa suka fito daga Norwe. Labarin maraya ne da kakarsa ta riƙe. Ita ta koya masa yadda ake gane mayya: kullum da safar hannu saboda akaifunta irin na kyanwa ne, kanta ba gashi sai na kanti, ƙafarta ba yatsu, hancinta kuma yana jiyo warin yaro daga nesa. Suka sauka a wani otal na bakin teku a Ingila, ashe a nan mayun ƙasar ke taronsu na shekara, suna ƙulla yadda za su buɗe shagunan alewa su zuba maganin da zai mayar da yara ɓeraye. Suka kama shi yana laɓe, suka ɗura masa. Yana ɓeran ya saci kwalbar maganin ya juye musu a miya, reshe ya juye da mujiya.

Inda littafin ya ƙare ne ya sa manya da yawa suka ɗaga gira. Yaron bai koma mutum ba. Kakar ta gaya masa cewa ɓera irinsa ba zai wuce kamar shekara 9 nan gaba ba, shi kuma ya ce ya ji daɗin haka, don ba ya son ya rayu bayanta wani ya riƙe shi. Littafin ya ci lambar yabo ta Whitbread a shekarar da ya fito, ya kuma shiga jerin littattafan da aka fi kai ƙararsu a laburaren Amurka a shekarun 1990. Ashe tun a gidansu ba a taɓa yin baki ɗaya a kansa ba.

Fim na farko ya fito a 1990, darakta Nicolas Roeg. Ya bi littafin kusan sawu da ƙafa, sai a ƙarshe ya kauce: wata mayya da ta tuba ta zo ta mayar da yaron mutum. Dahl bai ɓoye ɓacin ransa da wannan sauyi ba, a watan Nuwamba na shekarar kuma ya rasu. Na biyu ya fito a watan Oktoba na 2020, darakta Robert Zemeckis. Shi ya bar yaron a ɓeransa, amma ya ɗauke labarin daga Turai ya kai shi jihar Alabama ta Amurka a 1968, yaron da kakarsa suka zama baƙar fata. Wanda kakar Maamobi ta leƙa shi ne wannan na biyun, kuma ba mamaki yaran Accra su fi jin sa a jiki, tunda kakar cikin fim ɗin, da faɗanta da girkinta da 'yan ƙulle-ƙullen magungunanta, ta yi kama da tasu.

## Abin da ya sa fim ba ya bin littafi

Mai saye haƙƙin mayar da littafi fim yakan saye har da damar yanka da ƙari. Dalili na farko lokaci ne: abin da yaro zai kwana uku yana karantawa dole a matse shi cikin ƙasa da awa biyu. Sai kuɗi. Fim irin wannan miliyoyin daloli yake ci, kamfani kuma yana so uwa da ta kai yara sinima ta fito tana murmushi ta gaya wa maƙwabciya, shi ya sa ake yawan sassauta ƙarshen labari.

Sauyin da ya fi shafar iyaye kuwa ba a labarin yake ba, a ido yake. Yaro mai karatu shi ke zana mayyar a ransa, kuma ba ya zana abin da ya fi ƙarfin zuciyarsa. Zanen da ke cikin littafin ma, na Quentin Blake, ƙwarƙwasar alƙalami ce mai kama da zanen barkwanci. Fim ba ya barin wannan zaɓi. Kwamfuta ta tsaga bakin, ta miƙar da hannun ya yi tsawon gora, an ƙara kiɗa mai sa gaba faɗuwa. Saboda haka shekarun da suka dace da littafi ba lallai su dace da fim ɗinsa ba, ko da labarin bai canza ko kalma ɗaya ba.

Wani lokaci ƙarin da masu fim ke yi yakan jawo abin da ba su hango ba. Littafin akaifu ya ce. Fim ɗin 2020 ya yi wa mayun hannu mai yatsu uku, wanda ya yi kama da wata halitta da ake haifar wasu mutane da ita. Masu irin wannan hannu, har da 'yan wasan motsa jiki na nakasassu, suka yi ca, suka ce an koya wa yara su ji tsoronsu. Kamfanin Warner Bros. ya nuna nadama, jarumar da ta fito a shugabar mayun, Anne Hathaway, ta ba da haƙuri. A riƙe wannan misali, don irinsa ne zai taso a Ghana ta wata fuska.

## Su wa ke sa harufan

PG ɗin da jikan ya nuna, mafi yawan lokaci ba daga Accra ya fito ba. A Amurka ƙungiyar manyan kamfanonin fim ce da kanta ke raba tambari tun 1968, ba gwamnati ba, kuma masu kallon su yanke hukunci iyaye ne da ta ɗauka aiki. G na kowa da kowa ne. PG na nufin akwai abin da wataƙila bai dace da yara ba, iyaye su duba. A 1984 aka ƙara PG-13 don finafinan da suka fi PG zafi amma ba su kai na manya ba. Duka finafinan mayun biyu PG suka samu a can.

Birtaniya na da hukumarta tun 1912, da U, PG, 12A, 15 da 18. Ita ta fito fili ta ce fim mai PG bai kamata ya tayar da hankalin yaro mai kimanin shekara 8 zuwa sama ba. Ma'ana ƙanin nan ɗan shekara 4 da ke leƙe ta ƙarƙashin hammatar yayansa ba ya cikin lissafi. Masu DStv kuma sukan ga 13, 16 ko 18 tare da harufa irin su V na tashin hankali da L na munanan kalamai, wannan tsari ne da ya biyo hanyar Afirka ta Kudu. Gida ɗaya a Accra zai iya ganin tambari iri uku a dare ɗaya, kowanne da ƙasar da ta haife shi.

Abin da waɗannan hukumomi ke aunawa kusan ɗaya ne: duka da jini, ban tsoro, ashar, tsiraici, shaye-shaye, da abin haɗari da yaro zai iya kwaikwaya. Ba sa auna aƙida. Akwai kuma wata ƙa'ida da ke ƙarƙashin aikinsu wadda ita ce tushen ruɗanin Zango. A wurinsu, in abin tsoro ya zo cikin labarin almara, nauyinsa raguwa yake yi, domin sun ɗauka yaro ya san ba gaskiya ba ne. Mutum ya shaƙe yaro a fim, tambari ya hau. Mayya ta mayar da shi ɓera, tambari ya sauka. A unguwar da ake kwana da labarin an kama kurwar wane, wannan sikeli a juye yake.

## Dokar Ghana da iyakar hannunta

Dokar da ke aiki yanzu ita ce ta bunƙasa fina-finai da rarraba su ta 2016, mai lamba 935, wadda ta gaji tsohuwar dokar sinima ta 1961. Ita ta kafa Hukumar Fina-finai ta Ƙasa, NFA. A watan Mayu na 2020 (sunan watan ne kawai ya zo daidai da zancen) aka ƙaddamar da kwamitin tantancewa ƙarƙashin mai shirya fina-finai Socrate Safo, daga baya kwamitin ya sanar cewa daga 1 ga Mayu 2021 ba gidan talabijin ko sinima da zai nuna abin da ba a tantance ba. Tambarin Ghana ya ɗauko kamannin na Birtaniya: U na kowa, PG na yaro da babba a kusa, sai 12, 15 da 18, da kuma NS na abin da bai dace da talabijin ba.

Mutanen Zango da yawa da suka ji an ce kwamiti sai suka auna shi da Hukumar Tace Fina-finai ta Kano, wadda suka sani ta labaran Kannywood, mai yanke fage, mai dakatar da jarumi. Aikin ba ɗaya ba ne. Na Ghana rarrabawa ne bisa shekaru, ko da yake fim ɗin batsa ba ya samun izini. Kundin tsarin mulki na 1992 ya haramta tace kafafen watsa labarai a sashe na 162, kuma a 2016 Kotun Ƙoli ta soke wasu ƙa'idoji na Hukumar Kafafen Watsa Labarai da suka nemi gidajen rediyo da talabijin su karɓi izini kafin su watsa shiri. Duk jami'in da zai taɓa abin da talabijin ke nunawa yana tafe ne yana waiwayen wannan hukunci. Wanda ke jiran gwamnati ta hana fim don akwai mayu a ciki zai daɗe yana jira.

Sannan irin wannan doka an gina ta ne a kan zamanin da fim ke da ƙofa ɗaya. Dattawan Nima suna tuna sinimar Dunia, da Orion a Circle, da Rex da Roxy: taga ɗaya ta sayar da tikiti, mai gadi ɗaya a ƙofa, in ya ce yaro ba ya shiga, magana ta ƙare. Bidiyo ya zo a shekarun 1980 ya raba ƙofar gida ɗari, tsofaffin sinimomi da yawa suka koma coci ko wurin ajiye kaya. Yau akwai sinimar Silverbird a Accra Mall da West Hills Mall, can tambari na da haƙori. Amma kuɗin tikitin yara huɗu da na trotro da na gugguru ba kowane gida ke iya fitar da shi ba. Yawancin yaran Zango a waya suke kallo, fim ɗin da wani ya tura wa wani, sau da yawa an yanke farkonsa inda tambarin yake. A barandar Maamobi kwamitin tantancewa shi ne yaron da ke riƙe da wayar.

## Mayyar littafi da mayyar unguwa

Nan ne zancen ya fi nauyi. Tatsuniyar Hausa tana sanar da kanta tun daga ƙofa. "Ga ta nan, ga ta nanku," yara su ce ta zo mu ji ta. In an gama a rufe da "Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ba don Gizo ba da na yi ƙarya." Tonawa ma, wato Asante, in za su ba da labarin Ananse, Gizonsu, sukan fara da cewa abin da za su faɗa ba da gaske suke ba. Yaro ya san an buɗe ƙofar ƙarya, ya san lokacin da aka rufe ta.

Littafin Dahl akasin haka ya yi, da gangan. Shafukansa na farko suna gaya wa yaro cewa wannan ba tatsuniya ba ce, mayun gaske ake nufi, suna sa tufafi irin na kowa, suna aiki irin na kowa, mayya kullum mace ce, kuma tana iya zama maƙwabciyarka ko malamar ajinku. A Ingila wannan wasa ne da marubuci ke yi da mai karatu, kuma wasan yana tafiya saboda ƙasar ta daina gurfanar da mutane da laifin maita tun dokar 1735. Yaron Landan zai ji tsoro mai daɗi, ya leƙi hannun malamarsa ya yi dariya, shi ke nan.

Yaron Accra ya riga ya san wata mayyar kafin ya ga ta fim. Ya ji an ce maye na kama kurwa, maita gado ce ko saye, akwai ƙanƙara a cikin maye, kuma sai ya tsallake wanda ya kama kafin ya warke. Ya ji abokansa na makaranta suna zancen bayie, wato maita da Tonanci. Finafinan gida sun daɗe suna ciyar da shi wannan: Zinabu na 1987, da ake lissafawa cikin finafinan bidiyo na farko a Ghana, labarin mayya ne, na Kumasi kuma har gobe ba su rabu da jigon ba. Idan mai fassara ya ɗora murya a kan fim ɗin waje, kamar yadda ake yi wa finafinan da ke zuwa daga Kano, kalmar "mayya" kaɗai ta isa ta kwaso duk wannan kaya ta jibga a kan labarin da marubucinsa bai san da su ba.

Kuma zargin maita a Ghana yana da gawa. A arewa akwai sansanoni irin su Gambaga, Kukuo, Gnani da Kpatinga, inda ɗaruruwan mata, akasarinsu tsofaffi da zawarawa, ke zaune bayan an kore su daga garuruwansu. A watan Yuli na 2020, wata uku kafin fitowar fim ɗin nan, aka lakaɗa wa wata tsohuwa mai shekara 90 duka har ta mutu a Kafaba kusa da Salaga, bayan wata boka ta nuna ta, mutane na tsaye suna ɗauka a waya. A Yulin 2023 majalisa ta amince da ƙudirin da ya mai da zargin mutum da maita laifi, amma shugaban ƙasa na lokacin, Nana Akufo-Addo, bai sa hannu ba, ya kafa hujja da cewa ƙudirin ɗan majalisa ne mai jawo kashe kuɗin gwamnati, abin da ya ce tsarin mulki bai yarda da shi ba. Labarin da ke koya wa yaro alamomin gane mayya a jikin mace, a irin wannan ƙasa, ya ɗauki nauyin da hukumar Amurka ba ta da dalilin aunawa. Abin da masu yatsu uku suka ji a 2020, tsohuwar da gashinta ya zube ko ciwo ya cinye mata yatsu tana iya jin irinsa daga bakin yaran layi.

## Inda ra'ayoyi suka rabu

Akwai malamai da iyaye da ke cewa a nisanta yara da irin waɗannan finafinai gaba ɗaya. Hujjarsu a bayyane take. Sihiri na cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa a hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, aya ta 102 ta Suratul Baƙara ta yi maganarsa, kuma kowane yaro na karanta neman tsari daga masu tofi a ƙulle-ƙulle a Suratul Falaƙ. Abin da aka ce a nemi tsari daga gare shi, in ji su, ba a mai da shi abin nishaɗi. Fastoci da dama a Accra suna kan wannan ra'ayi da nasu dalilan. Cikin masu wannan matsayi akwai masu rarrabewa: labarin da jarumi ke koyon sihiri a yaba masa daban, wanda sihirin ke hannun mugaye a kuma ga bayansu daban, fim ɗin mayun kuwa ya fi kusa da na biyu. Raunin matsayin hanawa shi ne aiwatarwa. A gidan haya mai ɗaki goma sha biyu, uban da ya hana a ɗakinsa bai hana a ɗakin maƙwabci ba.

Wasu kuma suna cewa almara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Dodo ya haɗiye yara a tatsuniya tun kafin a ƙirƙiro kyamara. A nan ƙasar ma, tun tana Gold Coast, wani malami mai suna Shaihu ya rubuta tarin tatsuniyoyin Hausa da ajami, Baturen mulki R. S. Rattray ya fassara aka buga a 1913. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda iyaye da yawa ke alfahari da shi, cike yake da aljanu da tsuntsu mai magana, kuma da yawa daga labaransa aro ne daga na Larabawa da Turawa aka yi musu rigar Hausa. A ganin waɗannan, tsoron da yaro ya sha yana zaune kusa da babba horo ne ga zuciya, kuma jigon fim ɗin shi ne wanda kowace uwa ke nanatawa: kada ka karɓi alewa a hannun wanda ba ka sani ba. Abin da suke tsallakewa shi ne mai tatsuniya tana ganin fuskar yaro, in ta ga ido ya raina fata sai ta sassauta. Waya ba ta sassautawa.

Masu aikin kare tsofaffin mata damuwarsu dabam ce da ta ɓangarorin biyu. Su ba sihirin cikin fim ke damunsu ba, yatsan da za a nuna bayan an kashe wayar ne. A nan sukan haɗu da malaman da ke wa'azin cewa jifan mutum da maita ba hujja zalunci ne, kuma hadisin da ya lissafa sihiri shi ne dai ya lissafa kisan rai ba da haƙƙi ba.

Akwai kuma abin da kusan kowa ya yarda da shi idan aka tuna masa. A watan Afrilu na 2021 wasu samari biyu suka kashe wani ƙaramin yaro a Kasoa don tsafin kuɗi, 'yan sanda kuma suka shaida wa kotu cewa tunanin ya samo asali ne daga wani shirin masu ba da kuɗin tsafi da aka gani a talabijin. Wannan ba fim ɗin almara ba ne. Shiri ne da ke cewa abin gaskiya ne, ga lambar waya a ƙasan allo. Wanda zai jera haɗari bisa girmansa, irin waɗannan shirye-shirye ne a sama, fim ɗin ɓeraye na can ƙasa.

## Abin da zai shafi gida da mai sana'a

Ga iyaye, fassarar PG mafi kusa da gaskiya ita ce "an bar muku". Netflix da YouTube suna da sashen yara, DStv na da lambar sirri ta kulle tashoshi bisa shekaru, amma duk suna aiki ne da ma'aunin waje, kuma ba su san da fim ɗin da aka turo daga wayar aboki ba. Abin da ya rage shi ne wanda tambarin ya nema tun farko, babba a kusa. Tambaya ɗaya tak tana nuna wanne yaro ya kalla da abin da ya kwana da shi a rai: yaron ya koma mutum ko bai koma ba? In ya ce bai koma ba, akwai yiwuwar zancen mutuwa da maraici ne ke cin sa, ba mayun ba. In kuma aka ji ya fara lissafa alamomi a jikin wata tsohuwar gida, nan ne wurin tsawatarwa da bayani.

Malaman makarantun boko suna ganin wata riba. Yaron da ya ga fim yakan nemi littafin, ga Turancinsa mai sauƙi, ga laburaren al'umma a Nima. Sai dai ko littafin yanzu iri biyu ne. A watan Fabrairu na 2023 aka gano cewa kamfanin Puffin ya gyara ɗaruruwan kalmomi a littattafan Dahl, a na mayun har an ƙara jimlar da ke cewa mata na sa gashin kanti saboda dalilai da yawa kuma ba laifi ba ne. Da surutu ya yi yawa kamfanin ya ce zai ci gaba da buga tsohon rubutun a gefe guda.

Matasan Zango masu kyamara, waɗanda ke cewa me zai hana mu yi namu, suna da shinge biyu. Dokar haƙƙin mallaka ta Ghana ta 2005, mai lamba 690, tana kare aiki tsawon ran marubuci da shekara 70 bayansa, don haka littafin wanda ya rasu a 1990 a kulle yake har ƙarshen 2060, kuma tun Satumban 2021 kamfanin da ke riƙe da ayyukan Dahl na hannun Netflix. In suka juya ga na gida, dokar nan dai ta damƙa haƙƙin tatsuniyoyi da sauran al'adun gargajiyar Ghana a hannun shugaban ƙasa a madadin jama'a, ba tare da wa'adi ba. Wanda zai yi kasuwanci da labarin Ananse sai ya nemi izinin Hukumar Al'adun Gargajiya ta Ƙasa ya biya kuɗi, ko baƙo ne ko ɗan ƙasa. Gizo da Ƙoƙi kuwa, da suka shigo da fataken goro suka zauna a Salaga da Kumasi da Accra, a Kano ma nasu ne, a Yamai ma nasu ne, kuma mai shirin fim da su zai so ya ji daga hukumar, a rubuce, wane ɓangare suka faɗa kafin ya kashe ko sidi ɗaya.